Kafin Ka Sayi Kyamarar Katako Mai Babban Fim

Kyamarar katako abu ce mai shiga rai. Ga jiki yana sheƙi, ga notinan tagulla, ga jakar fata mai naɗi irin zugazugin maƙeri tana miƙewa tana komawa. Wannan kyan nata shi ke sa mutum ya zuba kuɗinsa a inda bai dace ba. Shawarata ita ce ka ajiye maganar katako a ƙarshe, ka fara da tambayar kanka: me zan ɗauka, da wane ido kuma, wato gilashin gaban kyamara?

Batun girman fim ba ya buƙatar dogon zance. Idan yanzu za ka fara, ka ɗauki inci 4x5. Fim ɗinsa ya fi samuwa, daga Ilford da Kodak har Foma na ƙasar Cek mai sauƙin kuɗi, gidajen fim, wato kwanson da ake zura falle a ciki, da idanun da suka dace da shi kuma sun cika kasuwar kayan hannu. Fallen 8x10 ya ninka na 4x5 sau huɗu a girma, tsadarsa da nauyin kayansa su ma haka suke hawa. Tsohuwar Deardorff ta Shikago mai 8x10 ta haura kilo 5 tun ba a sa mata ido ba. Gaskiya ne manyan fallaye na da daɗinsu: mai ɗaukar hoto Seydou Keïta na Bamako da fallen santimita 13x18 ya yi aikin da duniya ke kallo har yau. To amma shi mutane ke zuwa wurinsa, kai kuwa a kafaɗa za ka ɗauki taka.

Inda ya kamata ka daɗe kana lissafi shi ne tsawon zugazugi. Kowane ido yana da lambarsa ta milimita, lambar nan kuma ita ce tazarar da yake buƙata tsakaninsa da fim kafin abu mai nisa ya fito tas. Da abin ya matso, sai tazarar ta ƙaru. In kana son zobe ko fure ya fito a fim daidai girmansa na zahiri, sai ka ninka lambar sau biyu. Ido mai milimita 150, wanda shi ne matsakaici a 4x5, zai nemi 300 ke nan. Intrepid ta Ingila tana miƙewa kusan 300, Tachihara ta Japan ta ɗan ɗara haka kaɗan, Chamonix ta ƙasar Sin kuwa tana kusantar 400. Don haka mai son ɗaukar fuskoki da ido mai 300 zai sha wahala da biyun farko, domin zugazugin zai ƙare kafin fuskar ta fito. Mai ido 135 ko 150 ko 210 kuwa kowacce ta ishe shi.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa matsalar. Mai ɗaukar gine-gine da cikin ɗaki yana son ido mai faɗi, 90 ko ƙasa da haka. A nan zugazugin yana dunƙulewa ya taurare, ka so ka ɗaga gaban kyamarar don hasumiya ta tsaya a miƙe, ya ƙi. Maganinsa zugazugi mai siffar jaka, wanda ake cire na asali a sa shi. Chamonix da Shen Hao ƙirar HZX suna yarda da wannan musanya, Tachihara ba ta yarda. Ka tambaya kafin ka biya.

Sai ƙwari. A ganina babu abin da ya kai shi muhimmanci, kuma shi ne ba a gani a hoton talla. Ka buɗe kyamarar, ka miƙa ta iya tsawonta, ka ɗaure notina duka, sannan ka taɓa gabanta da yatsa. In ya yi rawa ya dawo inda yake, da sauƙi. In ya goce ya tsaya a wani wuri, rabu da ita. Ka tuna aikin da ake yi: ka lulluɓa da baƙin ƙyalle, ka daidaita hoton da ke tsaye a kife kan gilashin baya, sannan ka tura gidan fim da ɗan ƙarfi. Kyamarar da ke motsi a wannan turawar ta ɓata maka falle, ba kuma za ka sani ba sai ka wanke. Masu tallar kaya suna yawan jera irin karkatar da kyamara ke iya yi gaba da baya, hagu da dama. Mai ɗaukar daji da duwatsu ɗaga gaba da ɗan sunkuyar da shi sun ishe shi a yawancin aiki, kowace gaɓa da aka ƙara kuwa wata ƙofar rawa ce.

Abu biyu ƙanana da ke hutar da mutum daga baya: allon da ake ɗaura ido a kai ya zama ƙirar Linhof Technika, wanda Wista, Tachihara, Shen Hao, Chamonix da Intrepid duk suke karɓa, bayan kyamarar kuma ya zama ƙirar Graflok in kana da niyyar sa fim na naɗi wata rana.

Yanzu ga katakon. Ceri ne, mahogani ne, ko filawud irin na Intrepid, hoton bai san bambanci ba. Ebony ta Japan, mai baƙin katako da ƙarfen titaniyom, ta daina ƙira tun 2016, kuɗinta a hannu kuma ba na mai koyo ba ne. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yanayi. Katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, don haka layin miƙa kyamarar da ke tafiya sumul a watan Janairu yana iya cijewa a Agusta. Kada ka danna shi da ƙarfi, ɗan kakin zuma a kan layin ya wadatar. Kada ka bar ta cikin mota a rana, zafi yana sakin gam ɗin zugazugi. Ƙurar hunturu kuwa gidajen fim take nema, sai ka riƙa sa kowanne cikin ledarsa mai zif. Ido kuma ya kwana a wuri busasshe da damina, saboda fumfuna.

Idan ta hannu za ka saya, shiga ɗaki mai duhu da ita, ka miƙa zugazugin, ka kunna tocila a ciki, ka duba kusurwoyin naɗin ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon haske ɗaya ko biyu ana toshewa, in sun yi yawa sai a cire kuɗin sabon zugazugi daga farashin. Ka kuma lura da gidajen fim: na santimita 9x12 da na inci 4x5 girmansu ɗaya a waje, amma fim ɗin wannan ba ya zama daidai a wancan. Sannan kada kuɗinka ya ƙare a jikin kyamara. Ka rage na ido mai lafiyayyen makullin haske ƙirar Copal, da gidajen fim huɗu ko biyar, da na'urar auna haske, da maɗori mai ƙafa uku wanda iska ba ta girgiza shi.