Idan Iska Ta Yanke Wa Ƙwaƙwalwa

Da sanyi ya kankama, sai ka ga mutum ya shigar da kaskon garwashi ɗaki, ya toshe taga da tsumma, ya ja ƙofa ya kwanta. Wani kuma janareta yake kunnawa a cikin zaure don tsoron ɓarayi. Gari ya waye, a yi ta bugun ƙofa, shiru.

Garwashi da janareta suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, sai ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita kaɗai ke cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da muke amfani da shi. Kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan jini ya daina isa gare ta, cikin daƙiƙa 10 mutum zai suma. Bayan minti 4 zuwa 6, ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa sun kai wajen biliyan 86. Kowace tana da ƙananan murahu a cikinta, inda take ƙona sukari da oksijin ta samu ƙarfi. Da wannan ƙarfi take tura gishiri waje dare da rana, kamar mai kwashe ruwa daga kwalekwale mai yoyo. Iska na yankewa, aikin ya tsaya. Gishiri ya kwararo ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. Sannan ta zubar da wani sinadarin aika saƙo mai suna gulutamet, ya yi wa maƙwabtanta yawa har su ma su galabaita.

To, an fasa ƙofa, an fito da mutum, iska ta dawo. Shi ke nan? Da sauran rina a kaba. Ka taɓa fifita murhun da ya daɗe a rufe, makamashi ya taru a ciki? Tartsatsi ne ke tashi. Haka murahun ƙwayar ke yi idan oksijin ya dawo: suna watso wasu sinadarai masu ƙuna da ke cin bangon ƙwayar, kumburi ya biyo baya. Wasu ƙwayoyin, musamman na sashen da ke riƙe sabon abin da aka koya, sai bayan kwana biyu ko uku suke mutuwa. Wannan fa ba dalilin jinkiri ba ne. Rashin iskar ya fi dawowarta ɓarna nesa ba kusa ba.

Saboda haka, a buɗe ƙofa da taga, a fito da mutumin sarari. Idan yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa, madara ko manja, zai iya shaƙewa. A garzaya asibiti a sa masa oksijin, ko da ya farfaɗo yana cewa, “Ni fa lafiyata ƙalau.” Bayan an sallame shi, iyali su sa ido na wasu makonni. In ya fara mantuwa, ko rikicewar magana, ko tangaɗi a tafiya, a mayar da shi, kuma a gaya wa likita labarin daren garwashin.