JINYA TA GARI: KULA DA JIKI, DA HANKALI, DA ADDINI, DA AL'ADA

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Amma idan aka tambayi mutum ko mece ce lafiya, galibi sai ya ce rashin ciwo. A shekarar 1946 ƙasashen da suka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da wata ma'ana da ta fi wannan faɗi, watau lafiya ta haɗa da jin daɗin jiki, da kwanciyar hankali, da kyakkyawan zama da jama'a. A shekarar 1984 kuma babban taron hukumar ya jawo hankalin ƙasashe ga abin da ya shafi ruhi da imani. An shirya wannan darasi ne domin ma'aikatan jinya, da masu jinyar 'yan'uwansu a gida ko a asibiti, su ga yadda waɗannan abubuwa suke tafiya tare a gefen gadon maras lafiya.

1. AIKIN JINYA

Likita yakan duba maras lafiya, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Nas ita ke wuni da shi, ita ke kwana da shi. Ita ce ke ganin wanda ya ƙi cin abinci, da wanda ya kasa barci, da wadda ta juya fuska bango tana hawaye. Saboda haka ita ce ta fi kowa damar sanin abin da ma'aunin zafi ba ya nunawa.

Wannan aiki daɗaɗɗe ne. A Madina, zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallaci tana jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. A ƙasar Turai, Florence Nightingale ta tafi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854, inda banda wanke miki har wasiƙu takan rubuta wa iyalansu, sa'an nan ta buɗe makarantar koyon jinya a London a 1860. A ƙasarmu, doka mai lamba 89 ta 1979 ita ta kafa Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ke kula da horonsu da ladabin aikinsu.

2. MISALI DAGA JALINGO

Bari mu ɗauki mazaɓar Kachalla Sembe da ke ƙaramar hukumar Jalingo. Jalingo ita ce mazaunin Sarkin Muri, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991 ta zama babban birnin jiha. Akwai Fulani, da Mumuye, da Kona, da Hausawa, da sauran ƙabilu masu yawa, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya. Ma'aikacin lafiyar da ke hulɗa da mutanen wannan mazaɓa, ko a ƙaramin asibiti, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ko a Asibitin Ƙwararru na jiha, yana iya karɓar mutum biyar da safe, kowa da harshensa, kowa da abin da ya yarda da shi game da cuta. Zazzaɓinsu ɗaya, ƙwayar maganinsu ɗaya, amma hanyar shawo kan kowannensu daban ce. Haka abin yake a Kano, da Sakkwato, da kowane gari na ƙasar nan.

3. KULA DA HANKALI

Duk wanda aka kwantar a asibiti yana zuwa da kaya biyu, na ciwo da na tunani. Magidanci yana tunanin gonarsa da kuɗin magani. Uwa tana tunanin wa zai dafa wa yara. Wani kuwa tsoron mutuwa ne ya cika masa ciki, ba ya iya faɗi. Irin wannan damuwa tana hana barci, tana kashe sha'awar abinci, tana tayar da hawan jini, kuma tana sa mutum ya watsar da magani. Mai tarin fuka, wanda dole ya sha magani wata 6 ba fashi, idan ya fid da rai a wata na biyu, cutar za ta dawo masa da ƙarfi, ta kuma kama iyalinsa.

To, me za a yi? Da farko a yi sallama, a gaisa, a kira mutum da sunan da ya dace da shekarunsa: Baba, Inna, Malam. Kiran mutum da lambar gadonsa wulaƙanci ne. A zauna, a saurara, a bayyana masa abin da za a yi masa kafin a taɓa shi. Shimfiɗar fuska, ai, ta fi ta tabarma.

Sa'an nan a lura da masu shiru. A tarbiyyar Fulani, da ta Hausawa ma, raki abin kunya ne, balle ga mace mai haihuwar fari. Shirun maras lafiya ba shi ne shaidar sauƙi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska: a dubi zufa, da cije leɓe, da yadda numfashi ke fita.

Game da taɓin hankali, ƙasarmu tana da abin koyi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani da rana. Ya nuna cewa zama cikin mutane yana daga cikin magani. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa waɗannan bayin Allah haƙƙinsu na a mutunta su. Sanya musu mari da dukansu zalunci ne. Idan mai jego ta daina kula jaririnta, ko tana yawan kuka, ko ta ambaci kashe kanta, a kai ta asibiti ba da ɓata lokaci ba, ana yi mata addu'a ana nema mata magani.

4. KULA DA ADDINI

A wurin yawancin mutanenmu, cuta jarrabawa ce daga Allah, kuma sauƙi daga gare Shi yake. Wannan imani ƙarfi ne babba ga maras lafiya, kuma nas mai hikima takan taimake shi a kai. Musulmin da ba ya iya tashi, a nuna masa alƙibla, a kawo masa abin taimama, ya yi sallarsa a zaune ko a kwance. Kirista ya nemi fasto ko fada, a aika a kira masa. Mai bin gargajiya shi ma kada a yi masa dariya. Ƙa'ida ita ce a tambayi mutum abin da yake bukata, kuma kada ma'aikaci ya mayar da gadon asibiti wurin tallar addininsa.

Wani lokaci ibada da magani sukan haɗu a ƙofa ɗaya. Mai ciwon sukari da ke son yin azumi ya kamata ya ga likita tun cikin Sha'aban, a gyara masa lokacin magani. A sanar da shi cewa rawar jiki, da zufa, da jiri alamu ne na faɗuwar sukari, kuma in sun zo lalle ne ya karya azumi nan take. Musulunci ya yi wa maras lafiya rangwame, kuma sau da yawa kalma ɗaya daga bakin liman ta fi tasiri bisa ga doguwar nasihar nas. Haka kuma idan dangi sun kawo rubutu ga wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata, wanda aka hana ci da sha, kada a zubar a gabansu. A bayyana musu cewa abin da ke ciki yana iya taso wa wanda aka sa barci ya shiga huhunsa, a bar su su shafa masa a goshi, ko su ajiye sai ya farfaɗo.

5. KULA DA AL'ADA

Al'adu iri uku ne a wajen ma'aikacin lafiya.

Na ɗaya, masu amfani. Shayar da yaro nono har shekara 2, da hutun kwana 40 na mai jego, da zuwa dubiya. Waɗannan a yabe su, a ƙarfafa su.

Na biyu, waɗanda ba su da illa. Iyalai da yawa suna son a ba su mabiyiya su binne a gida. Mata da yawa sun fi son mace ta duba su, a bayan labule. Biyan irin wannan bukata bai rage wa asibiti komai ba, ƙin biyanta kuwa yakan sa mace ta zaɓi haihuwa a gida ko da cikin haɗari.

Na uku, masu cutarwa. Yankan gishiri, da cire beli, da matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun yi bincike kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Suka gano yana da alaƙa da yawan shan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Amma fa tsohuwar da ke yi wa 'yarta wankan jego ƙauna ce ta sa ta. In an yi mata tsawa, za ta ce to, ta koma gida ta ci gaba. A zauna da ita cikin ladabi, a roƙe ta ta surka ruwan, ta dama kunun ba kanwa, ta kuma kawo yarinyar da zarar ta ga kumburin ƙafa ko haki.

Haka nan zazzaɓin Lassa, wanda ke ɓulla a Taraba da wasu jihohi musamman da rani. Gawar wanda ya mutu da shi tana yaɗa cutar, don haka jami'an lafiya ke shirya ta. Duk da haka a yi shawara da liman ko fasto, a bar dangi su yi salla ko addu'a daga ɗan nesa, su kuma ga inda aka sa ɗan'uwansu. Inda aka yi haka, mutane ba sa ɓoye masu ciwo.

6. HAƘƘI DA NAUYI

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa maras lafiya bayanin ciwonsa da maganinsa cikin harshen da yake ji, a kuma rufa masa asiri. In ana bukatar tafinta, a nemo babba mai riƙon amana. Bai dace a sa yaro ya fassara ciwon mahaifiyarsa ba.

Jama'a su ma da nasu nauyin. A faɗa wa nas gaskiyar duk wani jiƙo ko sassaƙe da aka sha. A bi lokacin dubiya, kada a cika ɗaki. A tuna cewa nas ɗaya takan kwana a tsaye kan gadaje masu yawa, ita ma 'yar Adam ce mai bukatar kalma mai daɗi. Wanda ke da koke ko shawara ya kai wa shugaban asibiti ko kwamitin raya mazaɓarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa bai kamata a ɗauki shirun maras lafiya alamar sauƙi ba?
2. Kawo al'ada ɗaya mai amfani, ɗaya maras illa, ɗaya mai cutarwa daga garinku.
3. Yaya za ka yi da dangin da suka kawo rubutu ga wanda za a yi wa tiyata?
4. Waɗanne alamu ne in an gani ga mai jego za a gaggauta kai ta asibiti?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.