Darasi na 24: Kwamfutar da Ta Ƙi Hutawa

A cikin akwatin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan falle wanda bai kai tafin hannun yaro faɗi ba. Sunansa furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yawancin lissafin da kwamfuta ta ke yi, a nan a ke yinsa. Saurinsa kuwa abin mamaki ne, gama na zamanin nan agogonsa ya kan buga sau miliyan dubu uku, ko fiye, a cikin daƙiƙa guda.

Aikin furosesa ya yi kama da na mai injin niƙa. Manhajoji, kamar ta rubutu da ta zane da ta shiga intanet, su ne masu kawo niƙa, kowa da ƙwaryarsa. Akwai kuma babbar manhaja mai tsara layi, irin su Windows da Linux da macOS. Ita ke ba kowace manhaja ɗan lokaci, sa'an nan ta kira ta gaba. Saboda saurin juyin, mutum sai ya ga kamar duka a lokaci ɗaya a ke yi. In babu aiki mai nauyi, furosesa hutawa ya ke yi, ba ya amfani sai da kashi kaɗan cikin 100 na ƙarfinsa.

To, wata rana sai manhaja guda ta kankane wurin. Alamun wannan ba su ɓuya. Fanka ta kan yi ta ƙugi, akwati ya ɗauki zafi, kibiyar linzami ta riƙa tafiya tana tuntuɓe, a taɓa harafi sai an jima ya fito. Wanda bai sani ba ya kan ce kwamfutar ta tsufa, har ya kashe kuɗi ya sayi sabuwa, alhali kuwa lafiyarta lau. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka mai hankali dalili ya ke fara nema.

Babban dalili shi ne kuskure cikin umurnin da aka rubuta wa manhaja. Ga misali. An ce wa yaro, "Yi ta ɗebo ruwa sai randa ta cika." Ashe randar a fashe ta ke. Yaro mai wayo zai lura ya daina, amma kwamfuta ba ta da wannan wayo. Za ta yi ta maimaita abu ɗaya, dare da rana, sai an tsai da ita.

Wani lokaci kuma babu kuskure. Akwai manhajojin da su ke aiki a ɓoye, kamar mai binciken ƙwayoyin cuta, da mai sauko da gyare-gyare, da mai jera sunayen takardu domin a same su da sauƙi, irin Baloo na teburin KDE. Waɗannan su kan yi nauyi na ɗan lokaci, su gama, su yi shiru. Har wa yau akwai mugayen manhajoji da ɓarayi su ke cusawa, domin su saci ƙarfin furosesa su haƙo kuɗin intanet da wutar mai kwamfuta.

Ga yadda a ke gano mai laifi. Da fari, a adana aikin da a ke yi tun kwamfuta tana jin magana, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a buɗe jerin ayyuka. A Windows sunansa Task Manager, ana buɗe shi da danna Ctrl da Shift da Esc tare. A Mac sunansa Activity Monitor. A Linux kuwa ana rubuta kalmar top. Sai a jera ayyukan bisa ga cinsu, wanda ya fi ci ya hau sama. In top ta nuna kashi 300 ko 400, kada a firgita, domin furosesa mai ciki huɗu kowane ciki nasa kashi 100 ne.

Na uku, a yi haƙuri na 'yan mintoci ana kallo. In lambar tana sauka, aikin kirki ne, a ƙyale shi ya gama. In ta kafe a sama, a rufe manhajar ta hanyar da aka saba. In manhajar shiga intanet ce, a rufe shafukanta ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa shafi guda ne ke ɓarnar. Sai ta ƙi rufuwa a ke tsai da ita da ƙarfi, amma a sani duk abin da ba a adana ba ya tafi. Kada kuma a kashe aikin da ba a san sunansa ba, watakila na babbar manhaja ne. Sai a tambayi malami.

Na huɗu, in abin ya komo, a tuna me ya sake kafin ya fara. Akwai labari a kan wannan. Juyawar duniya ba ta daidai da agogon masana sosai, saboda haka an sha ƙara daƙiƙa guda don su daidaita. A daren 30 ga Yuni, 2012, aka yi irin wannan ƙari. Wani ɗan kuskure cikin Linux ya sa manhajoji masu jiran lokaci su ka riƙa farkawa ba tsayawa, kwamfutoci da yawa a duniya su ka ɗauki zafi. Maganin kuwa bai wuce a sake saita agogon kwamfuta ba. Waɗanda su ka lura da sa'ar da abin ya fara, su ne su ka yi saurin gane tushensa.

Daga ƙarshe, a kula da ƙura, balle lokacin hunturu. Ƙura ta kan toshe fanka, zafi ya taru. In zafin ya kusa na tafasasshen ruwa, furosesa ya kan rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone, sai ƙaramin aiki ya zame masa babba. Babban mutum ne zai cire wuta, ya buɗe akwati, ya hure ƙurar.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin furosesa?
2. Faɗi alamu uku na manhajar da ta kankane shi.
3. Don me a ke adana aiki kafin a fara bincike?
4. Me ya faru a daren 30 ga Yuni, 2012?
5. Yaya ƙura ta ke rage saurin kwamfuta?