Huɗa da Takin Zamani

Sau da yawa manomi ya kan kai kuka wurin dagaci ko hakimi, cewa ya sayi taki da tsada ya zuba, amma amfanin da ya samu bai mai da kuɗinsa ba. Galibi laifin yana wajen gyaran gona ne da yadda aka sa takin.

Abin da ke sa ganyen masara da dawa ya yi kore shar shi ne sinadarin da a ke kira naitirojin. Idan ya yi ƙaranci sai ganyen ƙasa ya soma rawaya, kara ya tsumbure, ƙuduji kuwa ya sami wurin zama. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kaɗai.

Amma naitirojin ba shi da zama. Yuriyar da aka watsa bisa ƙasa aka bari a rana, wani kashi nata iska ya ke bi. A jigawa kuma ruwa mai ƙarfi ya kan nutsar da shi inda saiwa ba ta kaiwa. Saboda haka a kan raba shi biyu, a sa wa masara kashi ɗaya cikin mako biyu da shuka, saura kuma a mako na biyar ko na shida. Lalle ne ƙasa ta kasance da danshi, a tona nesa kaɗan da gindin shuka, a rufe.

Huɗa kuma ita ce ke tsare takin. Kunyar da ta bi gangare ta zama magudana, ruwa ya kwashe taki da ƙasar sama gaba ɗaya. Sai a gicciye gangaren, inda ruwa ba shi da yawa kuma a ɗaure kwarin kunya domin ya tsaya ya shiga. Garmar tarakta tana rage wahala ƙwarai, amma in ana kaftu kowace shekara a zurfi ɗaya, ƙarƙashin ya kan taurare har saiwa ta kasa ratsawa.

A Samaru ta Zariya an soma wani gwaji a 1950, aka yi shekaru ana kwatanta filayen da aka ba takin zamani kaɗai da waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu. Inda aka dinga zuba takin salfa zalla ƙasa ta yi tsami, inda aka haɗa da kashin shanu kuwa ta fi riƙe ƙarfinta.

Ya kamata hakimai su tara dagatai tun da bazara, su gargaɗi manoma su daina ƙone kara, su shirya da makiyaya shanu su kwana a gonaki da rani, su kuma riƙa sauya hatsi da wake ko gyaɗa. Malaman hakimai kuwa su rubuta ƙauyukan da zaizaya ta soma ci, a miƙa wa malamin gona kafin ruwan shuka ya sauka.