Mu Sayi Shinkafar Baturiya Tun Tana Gona

Ni malamin gona ne, kuma duk shekara idan shuka ta ƙarato, manoman da nake aiki da su a fadamar Baturiya, ƙaramar hukumar Kirikasamma, tambaya ɗaya suke fara yi mini kafin a zo maganar iri ko taki: ina kuɗin fara aiki? Hanyar da suka saba ita ce ba-da-kaka. Ɗan kasuwa ya ba mutum kuɗi lokacin da ya matsu, ya yanka wa buhunsa farashin da ya ga dama, kaka ta yi ya turo mota ta kwashe. Bayan 'yan watanni shinkafar nan ku jama'ar Haɗeja kuke saya da tsada kuna zagin manomi, alhali shi ko ta tuwon gidansa bai rage ba.

Shawarata ita ce masu ci su shiga tsakani. Gidaje ashirin na unguwa ɗaya, ko malaman makaranta ɗaya, su haɗa kuɗi kamar adashi, su ƙulla da ƙungiyar manoman ƙauye guda, su biya tun kafin shuka a farashin da kowa ya yarda da shi. Matan gida a Japan sun yi haka da manomansu tun shekarun 1970, a Amurka ma aka fara irinsa a 1986. Mu ba sai mun je nesa ba, don fiƙihu ya san cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya, a faɗi irin shinkafar, a faɗi awo, a sa lokacin bayarwa. A rubuta shi gaban dagaci da limami.

Inda nake son a zauna sosai shi ne batun asara, domin fadamar nan ba ta da tabbas. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina zuwa da janyewa yadda kakanninmu suka san shi. Ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse, kuma cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana ya wayi gari a kan shinkafa. Ambaliyar 2022 ma ba a manta da ita ba. Saboda haka tun ranar ƙulla magana a yanke: idan ruwa ya ci gona, za a jira noman rani ne, ko za a mayar da kuɗi? Ƙungiyar da ta tsallake wannan tambaya, rigima ce ke jiran ta.

Wanda ya biya tun farko yana da bakin magana kan yadda za a noma abincinsa. Ku sa sharaɗi: ba wanke tankin feshi a tafki, don kifin da ake ƙyafewa a kawo muku daga nan yake; a bar burtali ga makiyaya; a fita gayyar yankan kacala; a sa wake idan ruwa ya janye, ƙasa ta farfaɗo. Dausayin Baturiya yana cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2008, tsuntsaye daga Turai suna sauka a cikinsa, amma takarda ba ta hana guba shiga ruwa.

Ku fara da buhu ɗaya kowane gida. Ku nemi malamin gonar yankinku ya haɗa ku da ƙungiyar manoma kafin a watsa irin bana.