Amsoshin Tambayoyinku: Shuka Gamba a Bayan Gida

Wani mai sauraronmu daga Wurno ya aiko yana tambaya ko gamba za ta yi a lambun gida, kuma yaya ake kula da ita.

Ƙwarai za ta yi. Gamba ciyawar ƙasar nan ce, ta saba da jigawar Rabah da zafin bazarar Goronyo, kuma ba ta mutuwa da rani kamar kyasuwa. Saiwarta na nan a ƙasa, ruwan fari na sauka sai ta tofo. Manoma sun fi tsage tushenta su dasa a watan Yuli, idan damina ta kankama, domin irinta ba ya tsirowa sosai. A jera ta a kan iyaka, taku guda tsakani, ta riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. A shekarar farko awaki ne babbar barazana, sai an killace.

Da kaka ake yanke ta a saƙa zana, a bar kamar taƙi ɗaya a gindi. Masu lambu a fadamar Rima, inda ruwa ke kwanciya, ciyawar jema ta fi gamba dacewa da su.

Sai dai a nisanta gamba da murhu da rumbu, don busasshiyar gamba tana saurin kama wuta.