Kiwon Kifi: Kula da Tsamin Ruwa Yayin Sauya Tanki

Garin Wudil ya shahara wajen su da cinikin kifi, don haka ya dace ɗalibi ya fahimci wannan batu. Ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, shi ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Tarwaɗa ta fi sakewa tsakanin 6.5 da 8.5. Sabon tankin siminti kan ɗaga wannan awo, sauyin farat ɗaya kuwa yakan lahanta numfashin kifi, har ya mutu. Saboda haka a jiƙa tankin kamar mako biyu, ana sauya ruwansa. Ranar ƙaura a auna ruwan duka biyu, a riƙa zuba sabon cikin tsohon kaɗan-kaɗan kafin a saki kifin.

Auna Fahimta: Me ya sa ake jiƙa sabon tanki?